Amsoshin Tambayoyinku: Tsoffin Mujallun Zane a Adakar Baba

Wani mai sauraronmu daga karkarar Dambatta ya tarar da mujallun labarin zane na Powerman a adakar marigayi mahaifinsa, yana tambaya ko suna da daraja.

To Malam, Allah Ya jiƙan baba. Suna da ita ƙwarai. An fara buga Powerman a 1975 domin masu karatu na Najeriya, jarumi ne baƙar fata. Turawan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, suka zana shi, kuma Gibbons ne daga baya ya zana mujallar Watchmen. Kuɗi kam, kada ka sa rai da irin na mujallar Amurka ta 1938 da Superman ya fara fitowa a ciki, wadda aka sayar da kwafinta ɗaya dala miliyan 6 a 2024. Sai dai masu tarawa sun fi son jeri cikakke, bango lafiya lau.

Ka jera su bisa lamba. Ɗaga adakar daga ƙasa, don gara da laimar damina ke cinye takarda. Shafin da ya yage, bar shi haka, kada ka liƙe da gam. Don Allah kada su kai hannun mai ƙosai.