Alamomin Da Mace Ke Gani Kafin Al'adarta Ta Ɗauke

Al'adar mace ba ta ɗaukewa dare ɗaya. Kafin ta tsaya akwai wasu shekaru, galibi kamar huɗu, wani lokaci har takwas, da ma'ajiyar ƙwai ke rage aiki, sinadarin istirojin da take fitarwa ya riƙa hawa da sauka babu tsari. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, yawancin mata al'adarsu kan ɗauke ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Da yake mata da yawa a ƙauyukan Funtua da Malumfashi ba su riƙe shekarunsu ba, ma'aikaciyar lafiya kan tambayi shekarun ɗan fari, daga nan ta yi kintace.

Alamar farko ita ce rikicewar kwanaki. Jinin da ya saba zuwa kan lokaci sai ya zo da wuri, ko ya tsallake wata biyu ko uku, ko ya zo da yawa. A nan ne ake yawan samun ruɗani. Mace kan zo asibiti tana cewa cikinta ne ya kwanta, ta shafe watanni tana shan jiƙo don ya tashi, a gwada fitsari a ga babu ciki. Wata kuma takan ɗauka ta gama haihuwa, ta bar maganin tazara, sai ga ciki na gaske, domin ƙwai na iya fita jefi-jefi har zuwa lokacin da al'adar ta tsaya. Ciki a waɗannan shekaru yana da haɗari, musamman ga mai hawan jini ko wadda ta haihu da yawa.

Sai zafin jiki mai tasowa farat ɗaya. Yakan fara daga ƙirji ya haura wuya da fuska, kamar an matso da mace bakin murhu, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa, bayan 'yan mintuna ya lafa. Da dare yakan jiƙa zane da matashi ko a tsakiyar hunturu, ya hana barci. Mai tuyar ƙuli-ƙuli ko awara, da mai sussukar masara a rana, sukan ɗora laifin a kan aiki. Wasu kuma sukan nufi kemis, a ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot, har da ƙarin ruwa, ba tare da gwaji ba. Kuɗin da aka tara da kaka ya tafi, zafin yana nan. Na'urar auna zafi da gwajin jini na 'yan mintuna sun isa su raba gardama.

Rashin barci kan jawo kasala, saurin fushi, mantuwa da kuka babu dalili. A gida sai a ce ta canza hali, ko kishi ne, ko iska ce ta taɓa ta. Wannan zargi yana ƙara mata ciwo, alhali sauyin daga cikin jiki yake. Akwai kuma ciwon gaɓoɓi, yawan fitsari, da bushewar gaba mai sa zafi lokacin kwanciya da miji. Kunya kan sa a kira wannan bushewa sanyi, a shiga cusa kayan mata, waɗanda wasunsu ke ƙona fatar wurin. Akwai man shafawa da aka yi don wannan, akwai kuma maganin da likita ke rubutawa idan alamomin sun tsananta.

Abin da zai taimaka yana kusa: tufafin auduga marasa nauyi, shan ruwa sosai, rage goro da shayi da yamma. Ƙashi kan fara rauni idan istirojin ya ragu, don haka nono, riɗi, zogale, kuka da wake suna da amfani, haka ma tafiya a ƙasa.

Akwai jinin da ba a jira a kansa. Wanda ya wuce kwana bakwai, ko mai gudaji da ke sa jiri, ko mai zuwa bayan saduwa, ko wanda ya dawo bayan an yi shekara ba a gani ba, yana iya zama alamar ƙari a mahaifa ko sankarar bakin mahaifa. Malami zai bambanta mata haila da istihada don sallah da azumi, amma musabbabin jinin sai an duba. Haka gumin dare idan ya haɗu da rama da tarin da ya kai mako biyu, a gwada tarin fuka. Manyan asibitocin Funtua da Malumfashi suna duba mata, kuma idan abin ya fi ƙarfinsu sukan tura Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya. Maigida da manyan 'ya'ya su ba ta kuɗin mota, su raka ta tun jinin bai kayar da ita ba.