Yadda Ake Sauraron Bugun Hanjin Ɓera

Yana daga cikin abubuwan al'ajabi a halittar Ubangiji cewa hanji, ko da an raba shi da jiki, an yanke duk jijiyar da ke sadar da shi da ƙwaƙwalwa, ba ya barin motsinsa na matsewa da saki muddin ya sami ɗumi da iska da abinci. Masana sun san haka tun da Rudolf Magnus ya rataya guntun hanji cikin ruwan gishiri mai ɗumi a Jamus a 1904. Abin da ya daɗe bai tabbata ba shi ne wanda ke ƙayyade wa wannan motsi lokaci, kuma a hanjin ɓera aka sami hujjar da ta yanke gardama.

In za a saurari bugun hanjin ɓera, da ruwa ake farawa, wanda ake kira ruwan Krebs, mai ɗauke da gishiri iri-iri da sukari bisa ma'aunin da ke cikin jini. A riƙa hura masa iska, kashi 95 cikin ɗari oksijin, kashi 5 kabon dayoksaid, a tanadi wani a digiri 37 na zafi. Sa'an nan a ɗauke ran ɓeran cikin gaggawa da ihsani, bayan izinin masu kula da haƙƙin dabbobin bincike, domin neman ilmi ba ya halatta azabtarwa. A ciro guntun ƙaramin hanji, a tsaga shi a tsaye ta gefen da tantanin kitse ya kama, a wanke, a shimfiɗa cikin faranti mai ƙasan roba, a kafe shi da ƙananan allurai, cikinsa na duban sama.

To, a nan gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Bangon hanjin ɓera siriri ne ainun, kuma abin da ake nema yana ɓoye tsakanin shimfiɗun tsoka biyu, mai kewayawa da mai miƙewa a tsaye, don haka wajibi ne a ɗaye fatar ciki mai yauƙi ba tare da an yi wa tsokar rauni ba. Mai aikin zai sunkuya kan madubin ƙara girma, ya dafa tsintsiyar hannunsa a kan tebur don kada ta yi rawa, ya kama gefen fatar da hantsaki mai kaifin baki, ya ɗaga ta kaɗan har ya ga inda ta rabu da abin da ke ƙarƙashinta, sa'an nan ya bi wannan kafa da ɗan almakashi a hankali, yana ja a kwance, ba sama ba. In ya yi garaje tsokar ta yage ta biyo fatar. In ya ja allurai suka ɗaure ta fiye da kima bugun ya rikice. In kuwa ya bar ta sako-sako, motsinta zai fizge duk abin awon da aka sa mata. Na ga hannayen da suka shekara a wannan aiki suna gama shi kafin ruwan farantin ya canja, tsokar ta fito garau har ana hango haske ta cikinta, tana motsi abinta. Galibin masu irin wannan hannu ɗalibai ne da ma'aikatan ɗakin bincike waɗanda ba kasafai ake jin sunansu ba, alhali a kan haƙurinsu aka gina littattafai.

Bayan an bar tsokar ta huta kamar sa'a guda cikin ruwa mai ɗumi, sai a soke ƙwayar tsoka ɗaya da tsinken gilashi mai rami wanda ke auna lantarki. Nan take layin da ke kan allo zai faɗi zuwa wajen milibolt 60 ƙasa da sifiri, sa'an nan ya shiga hawa da sauka bisa tsari, sau 30 zuwa 40 a minti. A cikin ɗan Adam kuwa sau 3 ne a tumbi, sau 12 a farkon hanji. A zuba dafin tetrodotoksin, na kifin teku ɗan'uwan talibamban, wanda ke rufe bakin jijiyoyi: bugun bai tsaya ba. A zuba nifedifin, mai hana tsoka matsewa: motsi ya tsaya, bugun lantarki yana nan. Ashe ba jijiya ce ke kaɗa shi ba, kuma ba motsin ne ke haifar da shi ba.

Masu kaɗawar su ne ƙwayoyin da Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen ya siffanta a 1893, ya ɗauke su jijiyoyi, har Lars Thuneberg na Danmak ya kawo dalilai a 1982 cewa su ne masu ba da lokaci. Matsayinsu kamar na makaɗin gayya ne: shi ke ƙayyade lokacin saukar fartanya, amma ƙarfin sara na manomi ne. Hujja ta cika a 1994 da 1995, sa'ad da masu bincike a Reno ta Amurka da Hamilton ta Kanada suka auna ɓerayen da ke da naƙasa a ƙwayar gado mai suna Kit, suka tarar ragar waɗannan ƙwayoyi babu ita tsakanin tsokokin ƙaramin hanji, bugun ma babu shi, motsin kuma ya zama ba tsari.

Amfanin wannan ilmi bai tsaya ga ɓera ba, domin an tarar ƙwayoyin suna raguwa a tumbin wasu masu ciwon sukari waɗanda abinci ke daɗewa a cikinsu. Duk ɗalibin likitanci da ya sami damar koyon wannan aiki da hannunsa, kada ya raina shi.