Zaɓen Tayar Motar Rangadi

A Turai akwai taya ta musamman domin lokacin ƙanƙara, mai roba mai laushi. Irinta kan shigo kasuwanninmu cikin tayoyin gwanjo. Alamarta zanen dutse ne mai ƙololuwa uku a gefenta. Ba ta dace da ƙasar Shanga ba, gama zafin bazara kan cinye ta da wuri, burki kuma ya ƙi kamawa sosai.

Kafin hakimi ya yarda a saya, magatakarda ya duba:

1. Kada ta kasance da wannan alama.
2. Lambar shekaru: 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019.
3. Zanen ya zama da zurfi, saboda santsin damina.

In biyu kaɗai aka sabunta, a ɗaura su a baya, don kada mota ta juya.