Cibiya da Tabon Ciki: Abin da Ya Kamata Mai Juna Biyu Ta Sani

Tambayar da mata suka fi yi mana a ɗakin awo, bayan an gama maganar lafiyar jariri, ita ce ko cikinsu zai koma yadda yake bayan sun sauka. Wasu cibiyarsu ce ta turo, wasu tabon tiyata ne yake damunsu, yanzu kuma har akwai masu tambaya a kan aikin gyaran tumbi da suke gani a waya.

Idan ciki ya kai mako 20, saman mahaifa yakan iso daidai cibiya. Daga nan fata takan ci gaba da miƙewa, cibiya ta shafe ko ta turo waje. Wannan ba ciwo ba ne, kuma yawanci takan koma bayan haihuwa, sai dai ta ɗan fi da faɗi. Baƙin layin da yake saukowa daga cibiya zuwa mara shi ma yakan dushe cikin 'yan watanni. Nankarwa kuwa takan yi haske, amma ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Man kaɗanya yana rage ƙaiƙayi, amma kada ki zuba kuɗi wajen mai sayar da man da ya ce zai goge ta.

Abin lura shi ne ƙaban cibiya. Ƙulli ne mai laushi da yake fitowa idan kin yi tari ko nishi, ya koma idan kin kwanta. Ki nuna shi wajen awo, kada ki ɗaure shi da kwabo ko tsumma. Ranar da ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga ciwo da amai, to hanji ne ya maƙale. A kawo ki asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Akwai kuma tsokoki biyu da suke tsaye a gaban ciki, waɗanda juna biyu yake raba su. Shi ya sa wata za ta yi wata biyar da haihuwa ana yi mata kallon mai sabon ciki. Bayan mako 8 da sauka, ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwa, ki ɗan ɗaga kai, sannan ki danna yatsu a saman cibiya. Idan ramin ya fi faɗin yatsu 2, ki faɗa mana a haɗa ki da masu gashin ƙashi da motsa jiki. Ɗaure ciki da zane yana sa mai jego ta ji daɗin tafiya, amma ba ya haɗe tsokar.

Wadda aka yi wa tiyata aka ciro jariri, yawanci a kwance ake yankan, can ƙasan mara. Wani lokaci kuma a tsaye, daga ƙasan cibiya. Ciwon yakan ɗauki kamar mako 6 kafin ya yi ƙwari, amma tabon yakan yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi yana canjawa kafin ya kwanta. A wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu, a tsane da tsabtataccen ƙyalle. Iyayenmu masu wankan jego, don Allah kada a fyaɗa tafasasshen ruwa da ganye a kan ɗinki, kada a shafa toka ko wani haɗi. Maigida, ɗaukar bokitin ruwa da daka ba nata ba ne a waɗannan makonni. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya ko wari, ko ta fara zazzaɓi, a dawo da ita ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba.

Mu baƙar fata mun fi saurin samun tabon da yake tasowa ya wuce iyakar yankan, yana ƙaiƙayi. Wadda hujin kunnenta ya taɓa yin ƙulli, ko ake da irin haka a danginsu, ta sanar da likita tun kafin aiki. Ana rage shi da allurar da ake yi a cikin tabon, ko filastar silikon bayan ciwo ya rufe. Yanke shi kawai ba magani ba ne, don sau da yawa yakan dawo har ya fi da girma.

Shi kuwa aikin gyaran tumbi babbar tiyata ce. Likita yakan yanka daga wannan ƙugu zuwa wancan a ƙasan mara, ya zagaye cibiya da wuƙa ya bar ta a kan tushenta, ya ɗinke tsokokin da suka rabu, ya jawo fata ƙasa ya yanke rarar. Sannan ya huda sabuwar kafa a fatar ya fito da cibiyar ya ɗinke. Ke nan tabo biyu za a tashi da su: dogo wanda zane yake rufewa, da zagayayye a bakin cibiya. A watannin farko cibiyar takan kumbura, tabon ya yi duhu, fatar mara ta mutu ba a jin taɓi. Wani lokaci tabon yakan tsuke kafar ta zama 'yar mitsitsiya, ko cibiyar ta karkace. Idan jini bai isa tushenta ba sai ta yi baƙi ta lalace, kuma an fi ganin haka ga masu shan taba ko shisha, da masu ciwon suga, da masu ƙiba sosai. Ga kuma haɗarin taruwar ruwa a ƙarƙashin fata da daskarewar jini a jijiyar ƙafa.

Ba a yin aikin ga mai juna biyu, kuma likitoci ba sa son haɗa shi da tiyatar haihuwa, domin a ranar mahaifa ba ta koma ba, ba a san iyakar fatar da za ta saura ba. A ganina, mace mai niyyar ƙara haihuwa ba ta da abin yi da shi tukuna, tunda sabon ciki zai sake buɗe abin da aka ɗinke. Wadda ta gama haihuwa kuma fatar tana damunta, ta bari a ƙalla wata 6 zuwa shekara bayan sauka, nauyinta ya tsaya, sannan ta nemi ƙwararren likitan gyaran jiki a asibiti mai rajista. Ta tambaye shi inda tabon zai tsaya, da abin da zai yi idan ya taso.