DARASIN KIWO: ME ZA MU SHIMFIƊA WA KAJI A AKURKI?

Darasinmu na yau a kan shimfiɗar akurki yake. Ku karanta a hankali, ku karanta wa wanda bai iya ba.

DON ME AKE SHIMFIƊA?

Kaza tana kwana bisa kashinta. In aka raba kashin kaza kashi 4, wajen kashi 3 ruwa ne. In ya zuba a ƙasa tsirara, sai wurin ya yi danshi, ya yi wari mai hawa ido. Wannan wari yana ɓata idon kaji da numfashinsu. Cikin danshi kuma ƙwayar cutar kashin jini take girma, wadda ke kashe ƴan tsaki. Aikin shimfiɗa shi ne ta shanye ruwan, ta raba kaza da sanyin ƙasa.

Saboda haka ku riƙe magana guda: shimfiɗa mai kyau ita ce busasshiya, wadda kuke samu kusa ba da kuɗi ba. Abin da aka saya da tsada, ana jin ƙyashin canza shi. Shimfiɗar da ba a canzawa kuwa, gara babu ita.

ABUBUWAN DA MUKE DA SU

1. Ɓawon gujiya. Ƙasarmu ƙasar gujiya ce, har an taɓa yin masana'antar tatsar mai a nan Matamaye. Ɓawon yana shan ruwa, yana yin taki mai kyau. Ku ɗan daka shi sama-sama. Amma ku yi hattara da funfuna. Ɓawon da ruwa ya taɓa, ya yi baƙi ko kore, yana sa ƴan tsaki haki har su mutu. Funfunar gujiya ba abin wasa ba ce: a shekarar 1960, a Ingila, talo-talo wajen 100.000 suka mutu don sun ci tunkuzar gujiya mai funfuna. Ku shanya ɓawo a rana, ku sunsuna. In kun ji warin ruma, kada ya shiga akurki.

2. Ƙaiƙayin hatsi. Bayan sussuka yana nan tuli a masussuka. Ba shi da nauyi, yana da ɗumi, ya dace da hunturu. Aibinsa ƙura. Ku sheƙe shi tukuna, ku gauraya da ɓawon gujiya.

3. Karan hatsi ko na dawa. Dogon kara ba ya shan ruwa, kashi bisa kansa yake zama. Sai an sassara shi gajere-gajere, kamar tsawon yatsa. In dabbobi suna bukatar karan, ku bar musu. Harawa ma ta awaki ce, ba ta shimfiɗa ba.

4. Yashi. Yana da sanyi, yana bushewa da sauri, ana iya tankaɗe kashin a mai da yashin. Da bazara babu kamarsa. Amma da hunturu sanyinsa yana kama ƴan tsaki. Ku ɗebo mai tsabta, ba na bakin tabki ko wurin da ake zuba shara ba.

5. Sassaƙen katako. In akwai kafinta kusa, ku roƙi manyan sassaƙe, suna da kyau ƙwarai. Garin katako mai laushi kuwa, ƴan tsaki suna ɗauka abinci ne, su ci ya cushe musu ciki. Katakon da aka shafa wa fenti, ko baƙin mai, ko maganin gara, ku guje shi.

Leda da takarda mai santsi ba shimfiɗa ba ne. Ƙafar ɗan tsako tana zamewa a kai, ta buɗe, ya gurgunce.

KOWANE LOKACI DA NASA

Da hunturu: ɓawon gujiya da ƙaiƙayi, da kauri. Da bazara: yashi. Da damina, tun ba watan Agusta ba, shi ne lokacin wahala, don komai yana danshi. Wanda bai yi tanadi ba, ba zai sami busasshen abu ba. Tun da kaka ku cika buhu 3 ko 4 da ɓawo, ku ɗora bisa itace, inda ruwa ba ya taɓawa.

YADDA AKE SHIMFIƊAWA

Ku share akurki tas, ku bar shi ya sha iska. Ku lilliƙe tsagar bango da laka, don nan kaskar kaji take ɓuya da rana, ta fito shan jini da dare. Daɓen akurki ya fi tsakar gida tudu. Ku zuba shimfiɗa kaurin santimeta 5 zuwa 10, wato kamar yatsu 4 a jere. Kaskon ruwa a ɗora shi bisa bulo, ko a aje shi waje. Duk bayan kwana 2 ko 3 a motsa shimfiɗar, a kwashe inda ya jiƙe, a ƙara sabo.

Ga gwaji mai sauƙi. Ku damƙi shimfiɗar a hannu, ku matse, ku buɗe. In ta dunƙule kamar dawo, ta jiƙe, a canza. In ta warwatse, lafiya lau. Bayan haka a wanke hannu da sabulu.

Toka mai sanyi kuma, a gauraya ta da yashi a wani lungu inda ruwa ba ya zuba. Kaji su yi birgima ciki, su rage ƙuma da ƙwarƙwata.

IN CIWO YA SHIGA

Shimfiɗa ba ta maye gurbin riga-kafi. Annobar kaji da ke zuwa da iskar hunturu, allura ce maganinta; ku nemi ma'aikatan kiwo kafin sanyi ya shigo. In kaji suka mutu a akurki, ku ƙone shimfiɗar duka, kada a kai ta gona. Kada kuma ku ɗebo tsohuwar shimfiɗa daga wani gida ko kasuwar kaji. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a Magarya, nan kusa da mu. Irin wannan ciwo yana bin kashi, da takalmi, da keji.

RIBA TA BIYU

Shimfiɗar lafiyayyun kaji taki ce mai ƙarfi. Ɗanyenta yana ƙone shuka. Ku tara ta a rami, ku yayyafa ruwa, ku rufe, ku riƙa juyawa, ta yi wata 2 ko 3. Sa'an nan ku kai garka, wajen tumatir da albasa da rake.

TAMBAYOYI

1. Don me ba a shimfiɗa ɓawon gujiya mai funfuna?
2. Wace shimfiɗa ta dace da bazara?
3. Yaya ake gane shimfiɗa ta jiƙe?

Ku tattauna amsoshin a taronku na sauraron rediyo. Allah ya ba da sa'ar kiwo.