Kafin ka sa wuƙa a aljihu

Ɗana, mahaifiyarka ta ce kana neman wuƙar aljihu, irin mai ninkewar nan, saboda dawowar dare daga shago da tsoron masu ƙwacen waya. Ban ga laifinka ba. Abin ya kai har a 2023 gwamnatin Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Kowane gari da nasa ɓata-garin: a Kano 'yan daba, a Bauchi da Jos sara-suka, a Gombe Kalare, a Yola 'yan Shila. Tsoronka na gaskiya ne, shi ya sa ba zan ce maka "bari kawai" in yi shiru ba.

Namiji da wuƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Makiyayi na da tasa, Buzu na ɗaura tasa a damtse, mahauci da mai tsire kuwa da ita suke ci. To idan ta aiki kake so, ta yankan igiya da farke kwali da fere rake, ga abin da za ka duba.

Fara da makullinta. Wuƙa mai ninkewa, tun daga ƙirarta, karyayya ce a tsakiya. Ƙusa ɗaya ce ta haɗa ƙarfen da ƙota. Buɗe ta, ka riƙe bayan ƙarfen ka girgiza. In ka ji yana rawa, ajiye musu abarsu. Wadda ba ta da makulli, ranar da ka danna tsininta a kan abu mai tauri za ta rufe, kuma a kan yatsunka za ta rufe. Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, tana da zobe a baya, sai ka ja shi take rufewa. Opinel ta Faransa kuwa wani zobe ake murzawa a wuyanta ya kulle ƙarfen. Duka biyun ba su da kwalliya, amma suna daɗewa. Jabu sun cika kasuwa, saboda haka kada tambari ya ruɗe ka. Hannunka ya gwada.

Baƙin ƙarfe yana saurin ɗaukar kaifi a dutse, sai dai yana tsatsa in ka bar shi da ruwan lemo ko gumi, don haka a goge a shafa ɗan mai. Farin ƙarfe marar tsatsa ya fi sauƙin riƙo, amma na arha ba ya riƙe kaifi. Tsawon ƙarfen kada ya wuce ɗan yatsanka manuni. Masu baƙin fenti da haƙora da hoton ƙwarangwal, waɗanda ke fitowa fit in an taɓa maɓalli, ka bar su a kan tebur. An yi su ne don idon yara, kuma duk jami'in da ya ciro irinsu daga aljihunka ya riga ya yanke hukunci a ransa.

Yanzu ga ainihin maganar. Mai ƙwace ba ya yin sallama. Ya zaɓi wurin, ya zaɓi lokacin, makaminsa na hannu tun kafin ka gan shi, kuma da wuya ya zo shi kaɗai. Kai taka tana ƙasan aljihu, a ninke, tare da makulli da canji. Ka sa hannu, ka lalubo, ka juya, ka buɗe, a cikin duhu, jikinka na ɓari. Shi kuwa duk abin da ya gani shi ne ka kai hannu aljihu, kuma wannan motsin shi ne ke mai da ƙwace ya koma kisa. Ko ka samu ka buɗe, ƙaramar wuƙa ba ta tsayar da mutum nan take. Wanda aka soka yakan ci gaba da sara, musamman in ya sha ƙwaya. Akwai manyan jijiyoyin jini a cinya da hammata da wuya waɗanda in an taɓa su mintoci kaɗan ne, kafin a samu Adaidaita Sahu an gama. Sau da yawa ɗaya na makara, ɗaya na gadon asibiti da ankwa.

Sai shari'a. Dokar Final Kod ta Arewa ta yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma da sharaɗin kada ya wuce abin da larura ta tilasta. Alƙali ne zai auna wannan larurar, a zaune, bayan watanni ko shekaru, ba kai da ke cikin ruɗu ba. Ka tuna Sunday Jackson, manomin nan na Adamawa. A bayaninsa, shi aka kai wa hari da wuƙa a gona, ya ƙwace ta, ya soki maharin ya mutu. A 2021 babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa, a watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar, bisa cewa tun da ya raba mutumin da makami yana da damar gudu. Jama'a da dama sun ga hukuncin ya yi tsauri, ni ma haka na gani, kuma daga baya gwamna ya yi masa afuwa. Amma kimanin shekara goma ya yi a tsare. Kuma lura, shi wuƙar ma ba tasa ba ce. Ina ga wanda lauyan gwamnati zai tambaya dalilin da ya sa ya fito da ita daga gida?

Abin da ya fi damuna ma ba ɓarawo ba ne, kai ne. Wuƙa tana canja tafiyar mai ita. Lungun da da kake kauce wa, yanzu sai ka ce bari in ratsa. Musun ƙwallo a gidan kallo, rigimar canji, wani ya yi wa budurwarka magana: abin da da zai ƙare a cacar baki da shiga tsakanin dattawa, yanzu akwai ƙarfe a kusa. Ba banza ba Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu.

Saboda haka sayi ƙaramar ta aiki, ka bar ta a aljihun teburin shago, in ka tashi ka kulle ta a can. Ku riƙa tasowa tare da maƙwabtan shagonka, ku bi titi mai haske ko da ya fi nisa. Kada ka latsa waya a bakin titi ko a gefen Adaidaita Sahu, kuma cire abin jin sautin nan daga kunne da dare. Ka san 'yan sintirin unguwarku, su ma su san ka. In an tare ka, miƙa wayar, kada ka tsaya ƙare wa fuskokinsu kallo, ka bar wurin.

Yau da daddare ka danna *#06#, lambar IMEI ta wayarka za ta fito. Rubuta ta a takarda ka ba mahaifiyarka ta ajiye. Ka sa wa layinka lambar sirri, ka kuma tambayi bankinka lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu, domin ɓarayi da yawa kuɗin da ke cikin asusun suke nema ta layin kafin wayar. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.