Gishiri Da Rana A Jikin Jirgin Ruwa

Kowace lita ta ruwan Bahar Maliya tana ɗauke da gishiri kusan giram 40, alhali a yawancin tekuna kimanin 35 ne. Shi ya sa jiragen ruwa na shaƙatawa a Jidda suke saurin dusashewa in an yi sakaci. Idan ruwan teku ya fantsama a jikin jirgi, rana takan busar da shi, ta bar ƙwayoyin gishiri masu kaifi. Duk wanda ya goge su da busasshen tsumma, da hannunsa ya karce fentin. Sai an ɗauraye da ruwan daɗi tukuna. A cikin hasken rana kuma akwai wani nau'i da ido ba ya gani, wanda ke cin fenti har ya riƙa zuba kamar garin alli. Ana rage wannan ɓarna da shafa kaki, da lulluɓe jirgin idan yana ajiye.